Na shiga ƙungiyar waƙa da furfurata a Amurka, Hajiya ta ce na zama maroƙi

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan arewa ne, shekaruna 64, na yi shekara 31 a Amurka, a wani gari cikin jihar Ohio. Bara na ajiye aiki. Yaranmu uku duk sun bar gida, daga ni sai Hajiya, ita kuma ba ta rasa abin yi: ga islamiyyar mata, ga 'yar sana'arta ta turaren wuta da atamfa. Ni kuwa sai in wuni gaban talabijin, wata rana in ban da sallama ba na furta kalma goma.

Maƙwabcina, wani Bature tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ya ja ni wurin da suke taruwa daren Talata. Maza kusan talatin, yawancinsu masu furfura, suna waƙar da ake kira babashof. Ba ganga, ba fiyano, murya zalla. Da suka haɗa muryoyi sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wata tara ke nan ban fasa zuwa ba. Amma gaskiya wurin motsa jiki na ce wa Hajiya nake zuwa, don na san abin da za ta ce.

Kwanan baya muka je yi wa mutane waƙa a gidan kula da tsofaffi, muna sanye da jar falmaran da malafa. Wani ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook, kafin kwana uku ya isa zauren WhatsApp na danginmu. Hajiya ta ce da tsufana na zama maroƙi, yau mako biyu maganarmu ba ta wuce ga abinci nan ba. Yayana ya bugo waya daga gida ya ce gidanmu gidan malamai ne, in daina zubar mana da mutunci. Ga bikin autarmu saura wata biyar, Hajiya na tsoron abin da surukai za su ce. Ƙari a kan haka muryata na dishewa bayan kowane atisaye, kuma shugaban ƙungiyar ya cire ni daga cikin masu jan waƙa ya mayar da ni wani rukuni da ake kira bariton, abin ya sosa min rai. Shin in haƙura in bari ne? Ko dama wauta ce mutum kamata ya tsiri irin wannan?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a yi bikin auta cikin rufin asiri.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu ba falmaran ko malafa ce ta tsaya min a rai ba. Layi ɗaya ne: wurin motsa jiki na ce mata nake zuwa. Ka lissafa da kanka, wata tara ya kusa Talata arba'in. Sau kusan arba'in ke nan ka ɗauki makullin mota, Hajiya ta ce a dawo lafiya, wataƙila ma tana jin daɗi a ranta cewa maigida ya fara kula da jikinsa. Rannan sai ga bidiyo. Kuma ba daga hannunka ta gani ba, a zauren dangi ta gani, inda faccalolinta da ƙannen miji suka riga ta kallo. Ina kyautata zaton akwai wadda ta kira ta cikin raha ta ce ashe Alhaji mawaƙi ya koma ba ki faɗa mana ba. Me za ta amsa? In ta ce ta sani, ta yi ƙarya. In ta ce ba ta sani ba, ta tona wa kanta asiri cewa mijin da suka yi shekara talatin da ɗoriya tare yana da wata rayuwa da ba ta da labarinta. Kalmar maroƙi da ta jefe ka da ita, ita ce dutsen da hannunta ya fara kaiwa gare shi. Ciwon yana wani wuri daban.

Saboda haka magana biyu ce a gabanka, kai kuma ka cakuɗa su wuri guda. Akwai maganar waƙa, akwai maganar ɓoyewa. A ta biyun ba ka da gaskiya ko kaɗan, kuma ina ganin kai ma ka sani. A ta farkon kuwa ina tare da kai, ban ga dalilin da zai sa ka bari ba.

Ka fara da wadda kake da laifi a cikinta. Ka zaɓi lokacin da ba ta cikin hidima, ba a tsaye a kicin ba, ba tana shirin fita ba. Ka ce mata ka yi mata ƙarya tsawon wata tara, ka jefa ta cikin kunya gaban dangi, ta yafe maka. Ka tsaya nan. Kada ka ɗora da amma ai na san ba za ki yarda ba, domin wannan amma ɗin za ta mayar da laifin kanta, ta zama ita ce ta sa ka ƙarya. Ranar kada ka kare waƙar ko da kalma ɗaya, ko ita ta tayar da zancen. In ta yi faɗa ka saurara, mako biyu ta yi tana haɗiye shi. Sai bayan kwana biyu ko uku, in ka ga fuska ta fara sakewa, ka gaya mata abin da ka gaya min: cewa akwai ranakun da ba ka furta kalma goma. Ina da yaƙinin ba ta sani ba. Mazanmu, musamman na tsararku, sun fi iya cewa ƙafata na ciwo da su ce kaɗaici ya dame ni. Ita tana ganin mutum ya huta bayan wahalar shekaru, ba ta san hutun ne ke cin sa ba.

Da a gida kake, da wannan matsala ba ta taso ba. Dattijon da ya ajiye aiki a Zariya ko Katsina yana da dakalin ƙofar gida, yana da majalisar bayan la'asar, ga ɗaurin aure, ga suna, ga jana'iza, ga masallacin unguwa da zai taka da ƙafa sau biyar a rana. A Ohio fa? Kowa ya shige gareji da motarsa ya rufo ƙofa, in hunturu ya shigo sai ka yi wata ba ka ga fuskar maƙwabci ba. Ba kai kaɗai abin ya dama ba, har babban jami'in lafiya na Amurka na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a 2023 a kan kaɗaici, yana kiran sa annoba. A San Francisco kuma an yi wani bincike da dattawa 390 a cibiyoyin tsofaffi 12, aka sa wasu cikin ƙungiyoyin waƙa, wasu aka ce su jira. Bayan wata shida waɗanda ke waƙar sun nuna raguwar jin kaɗaici da ƙarin sha'awar rayuwa. Ba a ga wani bambanci a ƙarfin jiki ko kaifin tunani ba, don haka kada ka je ka ce wa Hajiya waƙa maganin mantuwa ce. Majalisa ka rasa, ka samu wata. Bambancinta da ta gida shi ne a wannan tsaye ake yi, kuma maimakon hirar siyasa sauti ake haɗawa.

Game da kalmar maroƙi. A wurinmu maroƙi shi ne mai wasa wani, ya ambaci iyaye da kakanni, a ba shi kuɗi ko riga ko doki. Ku kuwa a ƙungiyarku kai ne ke ciro kuɗi daga aljihunka kana biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya, ka sayi falmaran ɗinka, ka zuba wa motarka mai, ka je ka yi wa tsofaffi marasa galihu waƙa kyauta. Maroƙin da ke biya don a bar shi ya yi waƙa, ni dai ban taɓa jin labarinsa ba. (Kuma bari in faɗi wannan ko da ba a tambaye ni ba: mu da muke raina mawaƙa, mu ne in an zo biki muke tashi mu yi musu liƙi har aljihu ya yi fayau. A bikin autarku ma ina tsammanin ba shiru za a zauna ba.) Amma kada ka ɗauki wannan hujja ka kai wa Hajiya kamar lauya. Ta san bambancin sarai. Ka riƙe ta don kanka, don kada kalmar ta zauna maka a zuciya.

Yayanka kuma, ina jin abin da ya gani a bidiyon nan shi ne ƙaninsa cikin kayan Turawa yana kwaikwayon Turawa. To akwai abin da ya kamata kai ka sani ko da shi ba zai saurara ba. Sunan waƙar a zahiri yana nufin shagon aski, kuma masu bin tarihinta sun gano tushenta a cikin baƙar fatar Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da shagon mai aski yake zaman majalisar maza, ana jiran layi ana haɗa murya. Louis Armstrong ma yana yaro da irin wannan waƙa ta mutum huɗu ya fara a titunan New Orleans, tun kafin ya kama ƙaho. Daga baya ne, a 1938, wani lauya mai suna Owen Cash da abokinsa Rupert Hall suka tara maza 26 a Tulsa ta jihar Oklahoma suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Barbershop Harmony Society, mai hedikwata a Nashville. Abin takaici, sai suka rufe wa masu abin ƙofa. A 1941 wasu baƙar fata huɗu, 'yan dako a babbar tashar jirgin ƙasa ta New York, suka ci gasar birninsu, aka hana su shiga gasar ƙasa saboda launin fatarsu, har tsohon gwamnan New York, Al Smith, ya fice daga ƙungiyar don nuna fushi. Sai a 1963 aka cire wannan sharaɗi. Ban kawo wannan don ka tsani abokan waƙarka ba, su ba su suka yi ba, kuma ƙungiyar da kanta ta amsa laifinta. Na kawo ne don in kai kaɗai ne baƙi a kan matakalar nan da kuke jeruwa, kada ka riƙa tsayawa kamar wanda aka yi wa alfarma.

Da Yaya ba tarihi za ka yi ba, kuma ba gardamar fiƙihu ba. Kai za ka kira shi, kada ka jira ya sake kira. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce ka ji maganarsa kuma ta yi maka nauyi, sannan ka bayyana masa abin a taƙaice: babu kayan kiɗa, ba a karɓar ko sisi, dattawa ne tsararka, kuma za ka kai wa limaminku baitocin ya duba. Kada ka ce masa ka bari alhali ba ka bari ba, ramin da ka faɗa da Hajiya ke nan. In hira ta yi daɗi kana iya tuna masa cewa gidajen malamai ba su taɓa rabuwa da rera waƙa ba. Waƙoƙin wa'azi da na bege da murya zalla ake rera su, Nana Asma'u da waƙa ta riƙa karantar da mata a ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta, wato matan da take turawa su koyar, kuma ba mamaki ku kanku kun tashi kuna jin ana rera Ishiriniya a zauren gidanku. Zai ce ai wancan daban wannan daban, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare, tunda abin da ake faɗa a ciki ba ɗaya ba ne. Ba lallai ku rabu kun yarda da juna ba. Ya ishe ka ya san ka girmama shi ka neme shi.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, ba zan ba ka fatawa ba. Abin da kowa ya sani shi ne saɓanin malamai ya fi zafi a kan kayan kiɗa da kuma abin da waƙa ta ƙunsa da wurin da ake yin ta. Na farkon bai shafe ku ba. Sauran biyun kuwa sun shafe ka, kuma gara ka zauna ka ja wa kanka layi tun yanzu. Ƙungiyoyin babashof na da al'adun da za su zo su same ka ko ba ka neme su ba. A Disamba akwai wasannin Kirsimeti, wasu waƙoƙin na dusar ƙanƙara ne da kewar gida, wasu kuma aƙida ce tsantsa. A tsakiyar Fabrairu ƙungiyoyi da yawa kan tura mutum huɗu-huɗu ofisoshi da gidaje su yi wa matan mutane waƙar soyayya da fure a hannu, hanyar tara kuɗinsu ce. Wannan kam, Alhaji, in kana son zaman lafiya ko kusa kada ka je, domin in bidiyon malafa ya jawo mako biyu, ban san abin da bidiyon fure zai jawo ba. Bayan wasa sukan zarce wani wuri a ci a sha a ci gaba da waƙa, sau da yawa inda ake sayar da giya. Tun 2018 kuma uwar ƙungiyar ta buɗe wa mata ƙofa, wasu rassan sun zama gauraye, wasu sun zauna na maza zalla, ka san matsayin naku don Hajiya za ta tambaya. Ga kuma magariba: a Ohio cikin Disamba tun biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi, ka yi sallarka a gida ka fita, amma a Yuni sai wajen tara na dare, tsakiyar atisaye ke nan. Ka sa dardumarka a mota, ka nemi lungu. Duk waɗannan ka same shi shugaban naku sau ɗaya ka zayyana masa, ga abin da zan shiga, ga wanda ba zan shiga ba, ga watan azumi da zan ɗauki hutu saboda tarawihi. Ƙungiyar sa kai ce, kowa da uzurinsa, kuma ƙungiyar mutum talatin ba ta wasa da mai zuwa kowace Talata ba fashi.

Yanzu maganar da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali na ga ta ci maka rai: mayar da kai bariton. Na taɓa zama a bayan ɗaki ina kallon irin wannan atisaye. Wani ya ciro ɗan abin busa mai kamar faifai daga aljihu ya hura sauti ɗaya, kowa ya kama nasa daga nan. Shugaban ya sa masu jan waƙa su yi nasu, daɗi. Masu kaurin murya na ƙasa suka yi nasu, kamar kurman ganga. Masu siririyar murya ta sama, su biyu ne kacal, suka yi nasu. Da aka zo kan 'yan bariton su kaɗai sai da na kusa dariya, don abin ba ya kama da waƙa ko kaɗan, ya hau ya sauka, ya tsaya wuri ɗaya, ya yi tsalle, kamar mai neman hanya a duhu. Sai aka ce kowa ya shigo amma ban da su, aka riƙe sautin ƙarshe. Ba laifi, sai dai kamar miya ba gishiri. Aka ce su shigo. Nan take ɗakin ya ɗauki wani amo, har na ɗaga kai ina neman wanda ke yin wata siririyar murya can sama, ashe babu kowa. Abin da ya tayar maka da tsigar jiki ke nan ranar farko. Kowace murya tana ɗauke da wasu ƙananan sautuka a samanta, in muryoyi huɗu suka daidaita cif, sai waɗannan ƙananan su haɗu su ƙarfafa juna har kunne ya ji kamar akwai mutum na biyar. Sautin da ya rage bayan sauran ukun sun ɗauki nasu, shi ake miƙa wa bariton, wani lokaci sama da mai jan waƙa, wani lokaci ƙasa da shi. Shi ya sa ba a ba wa marar kunne wannan wuri.

Ban ce lallai yabo ne kawai ya sa aka mayar da kai ba. Mai yiwuwa shugaban ya ji kana wahala a sautukan sama, mai yiwuwa kuma lafazi ne, don mai jan waƙa shi ke ɗauke da kalmomi kuma a wannan salo ana son wasulan kowa su fito iri ɗaya. Ka tambaye shi kai tsaye, zai gaya maka. Abin da zai ba ka wuya shi ne kunnenka ya saba da tsarinmu, inda mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi su karɓa gaba ɗaya a kan layi guda. A nan kuwa layi huɗu ne ke tafiya lokaci ɗaya, kuma in ba ka yi hankali ba sai ka tsinci kanka ka zame ka bi mai jan waƙa, balle kai da ka yi wata da watanni a can. Ka karɓi sautin koyo da ake naɗa wa kowane rukuni, wanda ake ƙara ƙarfin layinka a rage na sauran, ka riƙa saurare a mota. Ka nemi a tsayar da kai gefen wanda ya fi daɗewa a rukunin. Ka naɗi kanka da waya ka saurara, ko da ba za ka ji daɗin abin da za ka ji ba a farko.

Dishewar murya kuwa kada ka yi mata riƙon sakainar kashi. Da shekaru tantanin murya da ke cikin maƙogwaro kan yi siriri ya rage haɗewa, numfashi ma ya rage tsawo, sai mutum ya riƙa matsa wuya don ya cike giɓin, matsawar ce ke kawo dishewa. Waƙar da aka yi daidai bai kamata ta bar ka da ciwon wuya ba, kuma mai yiwuwa komawa bariton ma ya rage maka wannan. Ka riƙa shan ruwa tun safe, ba sai ka isa wurin ba. Kafin a fara ka yi minti goma kana gunji a hankali baki rufe. In murya ta dishe ka huta da ita, kada ka koma raɗa, raɗa ma gajiyar da ita take yi, haka yawan gyaran murya da kakari. Ka lura da abin da kake yi in ka dawo goma na dare: in tuwo ne da yaji sannan ka kwanta nan take, ruwan ciki mai tsami kan taso ya ƙona maƙogwaro cikin barci, ka tashi da murya kamar ta wani. In kana shan maganin hawan jini ka gaya wa likitanka kana waƙa, wasu kan kawo busasshen tari, wasu su busar da baki, amma kada ka daina sha da kanka. In dishewar ta kai mako huɗu ba ta tafi ba ko a ranakun da ba ka waƙa, ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, musamman in ka taɓa shan taba a baya. Ka haɗa da gwajin ji, tunda aikin bariton rabinsa kunne ne.

Batun ko ka tsufa da wannan, a duniyar babashof akwai gasar dattawa ta musamman, sharaɗinta kowane ɗaya cikin huɗun ya kai 55, jimillar shekarunsu kuma ta kai 240. Da 64 ɗinka kai ma neman ka za a yi don a cike lissafi.

Saura bikin auta, kuma a nan ina ganin kai ya kamata ka sassauto. Tsoron Hajiya ba na banza ba ne. Ita za ta zauna cikin mata, ita za ta ji habaici in akwai, kuma uwar amarya ba ta son a sami abin faɗa ko ƙanƙani a watannin nan. Ka yi mata tayi da bakinka tun ba ta nema ba: daga yanzu har a kai amarya za ka ci gaba da zuwa atisayen Talata, amma ba za ka fita wasa a bainar jama'a ba, ba falmaran, ba malafa, ba hoto. Ka roƙi wanda ya sa bidiyon ya sauke shi, ka kuma gaya wa ƙungiyar ba ka son a riƙa sa fuskarka a intanet. Wata biyar ba za su rage ka da komai ba, dama kana buƙatar su don koyon sabon layinka. Ka kira auta ma ka gaya mata da kanka. A nan ta tashi, ta san ƙungiyoyin waƙa tun a makaranta, ba mamaki dariya za ta yi ta ce a turo mata bidiyon, amma a ji daga bakinta ko tana da damuwa game da dangin mijin. Su kuwa surukai kada ka tayar musu da zancen. In wani ya taɓo, jimla ɗaya ta isa: e, muna zuwa mu ɗebe wa tsofaffi kewa. Mutum in ya ga ba ka jin kunyar abu, shi ma sai ya rasa inda zai kama.

In ƙura ta lafa, ka gayyaci Hajiya atisaye, ba wasa ba. Wasa shi ne kayan ado da tafi, abin da ta riga ta gani ta ƙi. Atisaye kuwa tsofaffi ne da tabarau a kan hanci, wannan na riƙe da sanda, wancan ya manta baiti, ana maimaita layi ɗaya sau takwas. Ta zauna a baya rabin sa'a ta ga su waye, ta gaisa da maƙwabcin naku. Ka ba ta takardun waƙoƙin ta karanta, in akwai wadda ta ce wannan ba ta dace da kai ba, ka ɗauki maganarta da muhimmanci. Kuma ka tambayi kanka wane dare ne nata. In Talata ta abokan waƙa ce, a samu wata ranar da ku biyu za ku fita, ko da zagaya unguwa ne bayan la'asar, ko kai ta kai saƙon turarenta. Ka ce ba ta rasa abin yi, amma ita ma gidan da ya yi maka shiru shi ya yi mata.

Idan duk ka yi wannan ta ce ita dai sam, to kada ka koma ɓoye, kada kuma ka jefar da abin cikin fushi ka dawo gaban talabijin kana ƙullace da ita, don wannan zai fi waƙar ɓata muku zama. Ka ce za ka dakata har bayan biki, ku sa rana takamaimai da za ku sake zama a kai, in ya so a sa wani babba da take jin nauyinsa a tsakani, wanda ya san zaman ƙasar nan, ba wanda zai yi hukunci daga gida ta waya ba. A tsakanin nan ba abin da zai hana ka kiran maƙwabcinka da wasu biyu ku haɗa murya a garejinsa ko a falonka da saninta, asalin abin ma na mutum huɗu ne. Kana kuma iya jarraba dattawanmu na masallaci, ko akwai masu sha'awar zama wata-wata a rera rubutattun waƙoƙin Hausa, sai dai kada ka sa ran za ka ji wancan amon a can, wani daɗin ne daban.

Talata mai zuwa fa, in har ba ka riga ka zauna da ita ka nemi yafiya ba, kada ka je, ka aika wa shugaban saƙo cewa kana da uzuri. In kuwa kun zauna, to in ka ɗauki makullin mota ka tsaya inda take ka ce mata: Hajiya, za ni wurin waƙa, goma saura zan dawo. Ko ta amsa ko ba ta amsa ba, goma saura ta same ka a gida.